Sha Ukun da Ba Ita Ta Rubuta Ba

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Layi na bakwai ya fara wari.

Ba kowa ne zai ji ba tukuna. Amma shekara ashirin da shida ke nan makullin wannan sito yana aljihuna, hancina ya san warin masarar da ta kwana lafiya da wadda ba ta kwana ba. Ina buɗe ƙofa da safe na ji shi. Na zura hannu tsakanin buhuna, ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Buhu ɗari huɗu da ashirin ne a layin, duk na tirelar da ta sauke mako uku da suka wuce, ranar Talatar nan da aka yi hadari.

Mai Digiri ma ta ji. 'Yan dako ne suka raɗa mata sunan tun ranar da ta fara aiki wata biyu da suka wuce, da takalminta na roba da na'urar gwada danshi a jaka. Kasuwancin noma ta karanta a jami'a. Ni ma na yi dariya a lokacin, na ce yanzu har buhu sai an yi masa digiri? Ta tsaya gaban layin, ta ɗan rufe ido, ta ce, "Baba, ka ji abin da na ji?"

Na ce mura nake yi.

Talata, da rana

Ta soki buhu goma ta gwada. Na'ura ta ce sha tara. Ƙa'idarmu sha uku. Wasu ƙwayoyin har sun fara fumfuna, kore-kore a gindinsu.

Ta ɗauko takardar karɓar kayan daga fayil. A gurbin danshi, inda sunanta yake a buge, an rubuta sha uku. Ta daɗe tana kallon lambar. Sai ta mayar da takardar, ta ce wa 'yan dako su kawo tamfol.

Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Manaja ya sauko daga ofishinsa yau, abin da ba ya yi sai an zo ɗaukar hoto. Ya toshe hanci da hankici, ya karanta takardar, ya ce, "To Malama, wannan ne digirin? Sha uku a takarda, sha tara a buhu?" Ya tuna mata cewa wata uku na gwaji aka ba ta, saura mako uku a yanke ko za a tabbatar da ita ko a sallame ta, kuma masu neman gurbinta sun cika masa aljihun tebur.

Ta ce, "Yallaɓai, maganar takarda za ta jira. Masarar ce ba za ta jira ba. A ba ni mutum takwas da filin bayan sito."

Wallahi ko muryarta ba ta yi rawa ba. Ni kuwa ina gefe ina juya makulli a aljihu.

Ban ce komai ba.

Alhamis, da safe kafin fita

Matata Maman Auta ta ce kwana biyu ina tauna abinci kamar mai cin tsakuwa. Na ce wurin haƙorin da aka cire ne. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Wannan haƙori na dama, na can ciki, shi ne na'urata. Da shi nake cizon ƙwayar masara in ji ta fashe ƙas, in ce ta bushe, ko in ji ta lotse in ce a mayar wa mai ita. Direbobi sun san shi, har cewa suke yi gara su haɗu da ma'aikatan hanya da su haɗu da haƙorin Baban Sito. Mako biyar ke nan da likita ya cire shi. Na hagu bai taɓa yin wannan aiki ba. Ban gaya wa kowa a wurin aiki cewa an cire ba.

Alhamis, da yamma

Mai Digiri ta raba layin gida biyu. Waɗanda suke kusa da bakin ƙofar tirela, kamar buhu sittin, lafiyarsu ƙalau. Ta ce dabara ce tsohuwa, a jera busasshiya a baki, a cusa ɗanya a ciki. Kamar ban sani ba. Ni na koya wa rabin mutanen sitonmu cewa ba a yarda da buhun bakin ƙofa.

Amma ranar da tirelar ta zo sama ta yi baƙi ƙirin, direba yana rantsuwa yana cewa ruwa zai same shi, ita kuma Manaja ya tura ta taron bita a gari.

Sauran aka farke aka shanya a tamfol. Ta cire mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta ɗauki manjagara tana juyawa tare da 'yan dako. Shugabansu, wanda ake kira Dogo, ya ce, "Malama, ashe a jami'ar ma ana gumi?" Ta ce, "Ana yi, Dogo, sai dai can ba a biyan mutum." Dariya har da masu faɗuwa kan masara.

Juma'a

Rana ta fito sosai. An gode Allah.

Asabar, bayan azahar

Auta ta sake kawo mini fom ɗin jami'a. Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, ta ci jarrabawa da kyau, kuma tun ranar da ta kawo mini abinci sito ta ga Mai Digiri tana yi wa wani dillali bayani har ya cire hula yana sosa kai, ta kafe sai kasuwancin noma. A gurbin uba ne ake jiran sa hannuna. Wata guda ke nan ina cewa sai gobe.

Na ce mata, "Ke, ki nemi aikin jinya ko lauya. Ubanki ya ƙare rayuwarsa cikin ƙurar buhu, ke ma sai kin shiga da takarda?"

Ta ce, "Baba, ai ba noma kawai ba ne. Akwai ajiya, akwai sufuri, akwai sarrafawa, akwai inshora."

Na ce akwai kuma zaman gida.

Ta ajiye fom ɗin kan talabijin ta fita tana kumbura. Uwarta ta harare ni. Gida da sito, ko'ina takarda ce take jirana.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi

Mun ci abincin rana tare da Mai Digiri a inuwar sikeli. Ni na ja ta da hira, don shirun da take yi ya fi ƙarfina. Na tambaye ta ina 'yan ajinsu.

Ta ƙirga mini da yatsu. Su sittin da huɗu suka gama. Uku suna banki, a teburin manoma. Ɗaya yana kamfanin taki. Wata ta buɗe gidan kaji da kaza ɗari biyu, yanzu tana da dubu uku, kuma ita ce ta fi kowa rashin ƙoƙari a aji. Biyu suna koyarwa. Wani yana sayar da waya. Sauran, ta ce, suna nan suna tura takardu. Ita ma shekara biyu ta yi tana turawa. Takarda tamanin da wani abu. An kira ta ganawa sau huɗu, a ɗaya aka tambaye ta ko za ta iya shiga rana, a ɗaya aka tambaye ta yaushe za ta yi aure.

Na ce to me ya sa ba ta karanta wani abin ba.

Ta ce, "Baba, mahaifina manomi ne. Ban taɓa ganin gonarsa ta ƙi ba. Amma duk shekara ina ganin kashi ɗaya cikin uku yana lalacewa tsakanin gona da kasuwa. Noma ya iya, abin da yake zuwa bayan girbi ne yake cin sa. Wannan wurin na je in karanto."

Mahaifin nata ya sayar da shanunsa biyu na huɗa lokacin da take aji uku. Ba ta faɗa da neman tausayi ba, tana faɗa tana ɓare lemo.

Na rufe kwanon abincina ban ƙarasa ba. Ban ce komai ba.

Talata, da yamma

Ta kai samfur ɗakin gwaji da kanta, a motar haya. Ta ce fumfuna ba a ido kawai take ba, akwai wadda take barin guba a ƙwaya, ko an wanke ko an dafa ba ta fita. Ni a iya sanina in an shanya an sheƙe shi ke nan. Shekara ashirin da shida, yau na fara ji.

Laraba

Ciwon kai. Ban rubuta komai ba.

Alhamis, ƙarfe biyar

Sakamako ya dawo. Buhu ɗari biyu da saba'in sun tsira. Casa'in suna da guba.

Manaja ya kira mu ofis, ni da ita, ya rufe ƙofa, ya kunna fanka. Yau muryarsa a sanyaye. Ya ce ai abin mai sauƙi ne. A sito akwai buhu dubu shida. A farke casa'in ɗin nan, a zuba kwano-kwano a cikin sauran, wa zai sani? Hedikwata ba za ta ji an yi asara ba, ita kuma ranar Litinin ya sa mata hannu a takardar tabbatarwa. Har ya fito da takardar ya ajiye a gabanta. Na ga sunanta a jiki.

Shekara biyu. Takarda tamanin. Shanu biyu.

Ta kalli takardar, ba zan ce ba ta kalla ba. Sai ta ce, "Yallaɓai, wannan masarar masu garin kunun yara ne suke sayenta. Ba zan sa hannu ba. In an gauraya kuma ba zan yi shiru ba."

Ya ce, "Kin san abin da kike yi wa kanki?"

Ta ce, "Na sani."

Ya juyo gare ni. "Baba, kai ne babba, yi mata magana."

Na ce, "Yallaɓai, gaskiyarta." Kalma biyu ke nan da na iya fitarwa cikin kwana goma. Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur ya ce to sai mu jira kwamiti daga hedikwata, su za su tambayi wanda ya gwada kayan ya ce sha uku.

Tun da nake ban taɓa ganin mutum ya ture abincinsa da hannunsa cikin natsuwa irin haka ba. Ni da na haife ta ko na yi jika da ita.

Juma'a, da safe

Kwamiti ranar Alhamis mai zuwa.

Asabar, da yamma

Wata goma sha huɗu ya rage mini in yi ritaya. Ina ta lissafin yadda za a yi. An saba a tara ma'aikata a harabar sito, a ba mutum agogon bango, a ce ya yi aiki ba tabo. Na riga na zaɓi ƙusar da zan rataye agogon, can saman hoton aurenmu. Dubi abin da babban mutum yake tunani.

Maman Auta ta zauna kusa da ni tana gyaran wake. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Baban Auta, shekara talatin da ɗaya ina tare da kai. In ka yi laifi ƙafarka ta hagu ce take rawa. Mako biyu ke nan tana rawa."

Na gaya mata. Ita kaɗai. Duka.

Sai ta ce, "Yarinyar nan tana da uba?" Na ce tana da shi. Ta ce, "To." Ta ci gaba da gyaran wakenta.

Litinin, ƙarfe shida

An ƙona casa'in ɗin a ramin bayan gari, a gaban jami'in lafiya. Mai Digiri ce ta tsaya har aka gama, don kada wani ya ja buhu ɗaya ya kai wa kajinsa. Dogo ya ce mini, "Baba, da wata ce da ta bari mun ɗan kwasa." Na ce da wata ce da yaran wani ne za su sha.

A hanyar dawowa muka rage mu biyu a bayan mota. Na ce, "'Yata, wannan sha ukun..."

Ta ce, "Baba, ni ba na rufe cikin uku. Kai kake yi masa ciki kamar takwas. Tun ranar farko na gane."

Na ce to me ya hana ta faɗa.

Ta ce, "In kwamiti ya tambaye ni ko rubutuna ne, zan ce ba nawa ba ne, don ba zan yi ƙarya ba. In suka ce na wane ne, zan ce su bincika. Ba daga bakina za a ji sunanka ba. Kai ka nuna mini yadda ake jera buhu iska ta ratsa, kai ka hana 'yan dako raina ni. Ba a koya mana wannan a aji ba."

Na ce ai ba za su yarda da ita ba. Sunanta ne a gurbin, kuma Manaja yana da haushinta.

Ta ce, "Na sani. Zan koma tura takardu. Na iya."

Ta juya tana kallon hanya. Sai a lokacin na ga idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi kamar hayaƙi ne.

Talata

Na gwada rubuta uku mai buɗaɗɗen ciki a bayan wannan littafi. Sau bakwai. Kunya ta kama ni na soke.

Laraba, da yamma

Na goge takalmi. Na ce wa Maman Auta ta fito mini da farar riga.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

'Yan kwamitin su uku ne, maza biyu da wata dattijuwa mai tabarau. Suka zauna a ofishin Manaja, fayil a gabansu. An kira ni ne kawai in shaida ranar da kaya suka shigo. Mai Digiri tana zaune a kujerar gefe, hannu a cinya, jakar na'urarta a ƙasa kamar wadda ta riga ta shirya tafiya.

Dattijuwar ta ɗaga takardar ta ce, "Malama, wannan gwajinki ne?"

Ban bari ta buɗe baki ba. Na miƙe. Na ce, "Ranki ya daɗe, ranar ba ta nan. Ni na karɓi kayan. Buhu uku na bakin ƙofa na ciza, da haƙorin da bai san aikin ba, don na gaske an cire shi. Na'ura tana cikin kabad, makullin yana aljihuna, girman kai ya hana ni taɓa ta. Na ga kullum sha uku take rubutawa, na rubuta mata sha uku a gurbinta."

Har baki na buɗe na nuna musu giɓin. Ban san me ya kai ni ba. Ɗaya daga cikin mazan ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Tun da na fara, sai na ƙarasa. Na faɗi buhu ɗari biyu da saba'in da ta ceto da manjagara. Na faɗi abin da aka ce ta yi da casa'in ɗin da amsar da ta bayar. Manaja ya zama kamar an watsa masa ruwan sanyi. Dattijuwar ta cire tabarau ta dubi yarinyar nan ta ce, "Kin san ba rubutunki ba ne, kika yi shiru?" Ta ce, "Masarar ce ta fi gaggawa, ranki ya daɗe."

Da na fito, ƙafata ta hagu ta daina rawa.

Juma'a

Shiru.

Litinin, ƙarfe biyar

Takardu uku suka zo. An tabbatar da ita. Manaja an kira shi hedikwata, ba a faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni kuma zan ajiye aiki ƙarshen wannan wata. Ba kora ba ce, in ji takardar, amma ba taro, ba agogo.

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye wa littafina ba. Na shiga bayan layi na biyu na zauna kan buhu har na gama abin da zan yi.

Ta same ni can. Ta ce ta rubuta musu ta roƙa a bar ni in cika wata goma sha huɗun, sun ƙi. Tana magana tana ba ni haƙuri, kamar ita ta yi mini laifi. Na ce, "'Yata, kira mahaifinki ki gaya masa." Ta ce ta kira, yana gona, ya ce ta bari ya zauna tukuna.

Alhamis, da rana

Tirela ta shigo. Ta miƙo mini na'urar ta ce yau ni zan gwada. Ashe abin ba wuya, ka zuba, ka rufe, ka danna. Abin da na yi wata biyu ina yi wa kallon raini ke nan. Na sa Dogo ya sauke har tsakiyar mota kafin na soki buhu. Direba ya ce, "Baba, yau ba cizo?" Na ce haƙorin ya riga ni ritaya.

Da aka gama ta zauna da ɗan littafinta, ta ce kafin in tafi sai na faɗa mata duk abin da hancina ya sani, warin ƙwari, warin ɓera, warin rufin da zai fara yoyo. Ta cika shafi huɗu. Ni da na ce buhu ba ya buƙatar digiri, yau ga ni a cikin littafin mai digiri.

Asabar, da safe

Jiya na miƙa mata makulli. Aljihuna ya yi sakayau, ina ta laluba shi a hanya.

Yau da safe na ce Auta ta ɗauko fom ɗin daga kan talabijin. Ta kawo tana kallona da gefen ido. Na ce, "Kin san ajinsu su sittin da huɗu ne, kuma yawancinsu har yau suna tura takardu?" Ta ce ta sani. Na ce, "Kin san za ki shiga rana?" Ta ce, "Baba, ai 'yarka ce ni."

Uwarta ta miƙo mini biro tun kafin in nema.

Na karanta takardar tun daga sama har ƙasa, layi-layi, na nemo inda aka rubuta uba. Na sa hannu a gurbina, da sunana.